Sunan Dudu, Fuskar Mary

Shafi na 31

Na ga ƙorafinku jama'a, wasu har cewa suke na bar yarinya tsaye da jarida a hannu kwana huɗu. To ga ta nan. Wanda ya san zuciyarsa ba ta jure haushi, ya sha ruwa kafin ya fara.

*

Haruna direban motar kifi ne ya kawo jaridar daga Kaduna. A tasha aka karanta masa sunan, ya taho Yelwa da murnarsa, wai zai yi wa Inna barka, ɗiyarta ta fito a jarida tana gudu a ƙasar Turawa. Yana shiga gidan Wakili masunci sai ya iske ɗiyar a tsugune gaban banda tana juya tarwaɗa. Ya dubi takarda, ya dubi Dudu, ya ajiye ya fita da baya.

Hoton ƙarami ne, ya yi duhu. Amma Dudu ba ta buƙaci haske ba. Ta san wannan kafaɗar hagun da ke ɗagewa idan gajiya ta zo. Shekara uku tana bin bayan kafaɗar nan a yashin bakin ruwa kafin ta iya wuce ta.

Mary ce, ɗiyar Malam Mark, malaminta na wasanni.

A ƙasan hoton kuma an rubuta: Dudu Wakili, Najeriya, mita dubu uku, gasar matasa ta duniya.

Ko ɗankwali ba ta gyara ba. Inna na kira, ta riga ta sha kwana.

Malam Mark yana tsakiyar filin makaranta, usur a wuya, agogon auna gudu a hannu, 'yan mata takwas suna zagaye. Da ya hango ta sai ya yi murmushi.

"Yau kin makara, ɗiyata. Shiga layi."

"Sallame su."

"Mi kinka ce?"

"Na ce ka sallame su, Malam, ko in faɗa a gabansu."

Idonsa ya sauka kan jaridar. Murmushin ya tafi. Ya busa usur sau biyu, ya ce su koma aji. Yaran suka tafi suna waige.

Ta buɗe shafin ta miƙa masa har ya kusa taɓa hancinsa.

"Wa ke nan?"

"Dudu, ki saurara..."

"Ban ce ka kira sunana ba. Tambayarka na yi. Wa ke nan?"

"'Yan jarida suna kuskure, kin sani. Kowane lokaci suna haɗa hoto da sunan da ba nashi ba."

"To, kuskure ne. Kuskuren ne ya ɗauki Mary daga Zuru ya kai ta Turai? Ba kai ka ce mana ta tahi Zuru jinyar gwaggonta ba? Har Inna ta ba ka busasshen kifi ka aika wa marar lafiya!"

Ta ƙara matsowa kusa da shi.

"Kai ka zo gidanmu. Kai ka zauna bisa tabarmar Babana, ka ce wasiƙa ta zo daga Legas, an rage kujerun jirgi, an cire masu dogon gudu. Na yi kuka har na kasa numfashi. Ka dafa kaina ka ce in yi haƙuri, Allah bai yi ba. Malam, da hannun nan ka dafa ni!"

"Rage murya."

"Ba ni ragewa! Ni na ci gasar tantancewa a Legas. Zagaye bakwai da rabi, ƙafata na jini cikin takalmin aro, na wuce 'yan Filato biyu a zagayen ƙarshe. Kai ne ka riƙe agogo kana tsalle kana ihu kamar ƙaramin yaro. Mary na gefe riƙe da jakata. Ko mafarki na yi?"

"Ke kinka ci."

"To wa ya tahi?"

Malam Mark ya zauna a kan bencin da ake jera butocin ruwa. Ya cire usur ya riƙe a hannu yana juya shi.

"Mary ta tahi."

Ta riga ta sani, amma yanzu ta ji daga bakinsa. Ta dafa sandar tuta.

"Ta yaya?"

"Takardar shekarunki na hannuna. Fom na hannuna. Hoto kawai na sauya."

"Waɗanda sunka gan ni a Legas fa? Makafi ne?"

"Wa ya dube ki a Legas, Dudu? Lamba sunka duba. Wanda ya riƙe alƙalami a fili daban, wanda ya karɓi yara a sansani daban. Dogayen yara biyu baƙaƙe daga Arewa, ba wanda ya tsaya bambanta ku."

"Ka yi lissafinka ke nan tun muna can."

"A'a. Na rantse da Allah a hanyar dawowa ne. Kina barci cikin mota, ita kuma tana kuka a hankali don kar ki ji."

"Sai ka share mata hawaye da sunana."

"Ki ji ni mana!" Ya miƙe tsaye, muryarsa ta tashi. "Shekararta sha shida ta yi irin abin da kinka yi. Lokacin muna ƙarƙashin Sakkwato. Ta ci kowa, kowa ya gani. Ranar tahiya anka sa sunan ɗiyar wani mai ƙafa a ofis, yarinyar da ko zagaye uku ba ta iya yi. Na yi hawa da sauka har takalmina ya ƙare, ba wanda ya dube ni. Yanzu an ba mu jiharmu, shekara uku ke nan, an fara jin muryarmu, ita kuma shekara ashirin da biyu. Gasar ta 'yan ƙasa da ashirin ce. Ƙofa ta buɗe bayan ta wuce. Shekara tara tana tashi da asuba, Dudu. Tara!"

"An zalunci ɗiyarka."

"An zalunce ta."

"Ka san zafinshi."

"Na sani."

"Ka san zafinshi, sannan ka ɗauko shi da hannunka ka ɗora mini. Waɗancan aƙalla ba su ci tuwo a gidanku ba."

Ya kawar da kai.

"Ke sha bakwai gare ki. Bayan shekara biyu akwai wata gasar, har lokacin kina ciki. Aron suna kawai na yi, za a maido miki."

Dudu ta yi dariyar da ba ta da daɗi.

"Aro? Zani ne? Tukunya ce? Yanzu in na je neman fasfo in ce ni wace ce? Can sun rubuta fuska ɗaya da sunan nan. Bayan shekara biyu in tsaya a layi su ce mini, ke yarinya, Dudu Wakili mun santa, ba ke ba ce. Ko haka ba ka lissafa ba, mai agogo?"



Ta sake ɗaga jaridar.

"Ka ma karanta abin da ta yi da shi? Ta ja gaba zagaye huɗu, gaban 'yan Kenya da 'yan Habasha, sai ƙafa ta mutu. Ta zo ta sha ɗaya cikin sha biyu! Sau nawa ka yi mana tsawa a filin nan, kar a ja gaba da wuri, a laɓe bayan kafaɗa, a jira ƙararrawar zagayen ƙarshe? Ni ban taɓa jan gaba kafin zagaye na shida ba. Yanzu duniya ta rubuta Dudu Wakili wawuya ce mai ƙone kanta tun tsakiyar tsere."

"Ta kai matakin ƙarshe na gasar duniya. Ba ƙaramin abu ba ne."

"Ni da na je, ko ta ƙarshe na zo, ƙafata ce. Ni nake son in ga bayan 'yan Habashan nan da idona, in san ko ina iya kama su ko ba ni iyawa. Yanzu har in mutu ban sani ba."

Ta sunkuya ta kwance takalmin gudun da ya ba ta bayan Legas, wanda ya ce kyautar haƙuri ce. Ta jefa masa ɗaya bayan ɗaya. Na biyun ya same shi a ƙirji.

"Daga nan ofishin shugabar makaranta za ni. Daga can ofishin 'yan sanda. In ta kama in tahi Birnin Kebbi da ƙafa, ka san ina iyawa."

Ta juya.

"Kafin ki je," ya ce a bayanta, "ki biya bakin ruwa."

Ba ta tsaya ba.

"Fom ɗin fasfo ba ya tahiya sai da hannun uba, Dudu."

Ta tsaya.

"Baba bai iya karatu ba. Ka yaudare shi."

"Bai iya karatu ba, amma yana da ido. Hoton Mary na manne a sama lokacin da ya dangwala yatsa. Ya dube shi da kyau. Shi ma ya ce in yi sauri kafin ki dawo daga rafi."

"Ƙarya kake!"

"Je ki tambaye shi."

*

Daga makaranta zuwa mashigar jirage tafiyar rabin awa ce ga mai tafiya. Dudu ta yi ta babu takalmi, ba ta ma san ta yi ba. Mata masu tallan kifi suna kiranta, ba ta ji.

Wakili yana zaune a inuwar jirginsa da aka kife a kan yashi, ya shimfiɗa komar kamun kifi a cinya yana ɗinke inda ta yage. Dattijo ne siriri, ba mai yawan magana ba. Ya ɗago ya ga ɗiyarsa, ya ga ƙafarta, ya ga jarida. Ya mayar da kai kan aikinsa.

Wannan mayar da kan shi ya gaya mata komai.

"Baba."

"Ba sallama?"

"Baba, ka dangwala?"

Ya ja zare ya ɗaure, ya cije ragowar da haƙori.

"Na dangwala."

"Ka ga hoton?"

"Na gani."

"Ka san ba ni ba ce."

"Ni na haife ki, yaya ba zan sani ba?"

Dudu ta durƙusa a yashi gabansa.

"Mi na yi maka?"

"Ba ki yi mini komai ba."

"To don mi? Kai ka ce in je Legas. Kai ka raka ni tasha. Da na dawo da kofi ka ɗora shi bisa akwatin rediyo, kowa ya shigo sai ka nuna mishi."

"Legas ƙasarmu ce. Kuma lokacin ban ga hoton ba."

"Wane hoto?"

"Wanda anka ɗauke ki a can. Wani ya kawo shi majalisa bayan la'asar, ana miƙa shi hannu zuwa hannu. Ɗiyar Wakili da ɗan wando iya cinya, maza dubu na kallo. Wani ya ce, Wakili, kifi ya yi ƙaranci ne har ka fara baje ɗiya? Anka yi dariya. Ina zaune. Ni da ban taɓa sunkuyar da kai a garin nan ba."

"Sai ka zo ka gaya mini! Ka ce Dudu ban yarda ba. Ka kulle ni a ɗaki. Ka ƙone takalmin. Da na yi fushi, na yi kuka, na haƙura, don kai uba ne. Amma ka ba wata sunana? Sunan da ka yanka mini rago?"

"Da na hana ki da bakina, da kin ƙi ni har abada. Na san zuciyarki, irin tawa ce. Malam ya zo da shawara, na ga kowa ya huta. Ɗiyarshi ta samu abin da take so, tawa ta zauna gida."

"Kowa ya huta," Dudu ta maimaita. "Kowa ya huta! Sati biyu ban ci abinci ba, kana kallo. Inna tana bi na da kunu tana roƙo, kana zaune kana ɗinkin koma. Ita ma ta sani?"

"Innarki ba ta sani ba. Kar ki sa ta ciki."

"Ai ni ma ba ka sa ni ciki ba."

"Dudu!" Ya ajiye komar. Wannan ne karon farko da ya dube ta ido cikin ido. "Ki iya bakinki. Uku na haifa. Ruwan nan ya ci Faruk, ya ci Bashir, rana ɗaya, jirgi ɗaya. Ke kaɗai kinka rage mini. Sai in ɗauke ki in sa cikin jirgin sama in miƙa wa mutanen da ban san ko sunansu ba? Ki kira shi abin da kike so. Ki kira shi tsoro. Na ji tsoro."

"Su Yaya Faruk ruwa ya ci su, ba da sonka ba. Ni kai ka tura ni da hannunka."

Tsohon ya ɗaga hannu kamar zai mare ta. Hannun ya tsaya a sama. Dudu ba ta kauce ba, ta ma matso da fuskar.

"Buga, Baba. Wa za ka buga? Ɗiyarka tana Turai."

Hannun ya sauka a hankali.

A lokacin ne suka ji ƙarar mota. Farar mota ce mai lambar gwamnati, ta gangaro har inda yashi ya fara laushi ta tsaya. Masu jirage suka bar abin da suke yi. Ƙofar baya ta buɗe tun kafin injin ya mutu, Malam Mark ya faɗo ya nufo su da sassarfa. Ba usur, ba agogo. Fuskarsa ta yi fari kamar an watsa masa toka.

Ya iso ya tsuguna tsakaninsu, yana magana ƙasa ƙasa da sauri.

"Kina fita sunka iso makaranta. Daga Legas suke. Wakili, sun ce in kawo su wurin uban Dudu."

"Don mi?"

"Tawaga ta dawo shekaranjiya. Mary ba ta cikinsu."

"Kamar yaya ba ta cikinsu?" in ji Dudu.

"Ranar da za su taso anka neme ta a masauki, babu ita, babu jakarta. Ta gudu. Ta tahi da fasfo." Muryarsa ta karye. "Ban sani ba, wallahi ban sani ba. Ko sallama ba ta bar mini ba."

Dudu ta dube shi. Ta so ta ji daɗi, ba ta ji ba.

"Ta tahi da sunana. Gaba ɗaya."

"Ki saurare ni, ba lokaci. Su a saninsu Dudu Wakili ce ta gudu. In anka bar shi haka, tambayoyi za su yi wa Babanki, su rubuta, su tahi. Yarinya ta gudu, ba laifin uba ba ne. Amma in sunka gane an sauya hoto, wannan maganar kotu ce. Ni na cika fom. Shi ya dangwala, ya rantse gaban mai shari'a cewa fuskar nan ɗiyarshi ce. Gidan yari ne, Dudu. Ni da shi."

"Kai dai ka tahi. Ka ruɓe a can."

"Na yarda, na cancanta. Shi fa? Dubi shekarunshi."

Ba ta duba ba. Ta ƙi dubawa.

Mutum biyu sun riga sun fito daga motar. Ɗaya ɗan sanda ne. Ɗayan gajere ne mai tabarau da farin kaftani, ya rungume fayil a ƙirji, yana taka yashi a hankali kamar mai tsoron ya ɓata takalmi. Ya yi sallama da Hausar mutanen gabas.

"Sunana Ibrahim, daga kwamitin da ya kai yara gasa. Kai ne Malam Wakili?"

"Ni ne."

"Mahaifin Dudu Wakili?"

"Ni ne."

"Malam, 'yarka ta jawo wa ƙasa abin kunya. An ɗauke ta, an ciyar da ita, an sa mata rigar ƙasa, ta tsallake ta bar mu da jin kunya gaban baƙi. Daga yau an soke sunanta daga duk wata gasa, a gida da waje. Ba za ta sake taka fili da sunan ƙasar nan ba. Abin da ya rage shi ne mu san ko da hannun wani a gida."

Ya buɗe fayil ɗin. Dudu ta hango fom ɗin daga inda take durƙushe: sunanta da manyan baƙaƙe, ranar haihuwarta, hoton Mary, da shuɗin yatsan Babanta a ƙasa.

Mutumin ya gyara tabarau, sai idonsa ya faɗa kanta. Ya dubi dogayen ƙafafunta, ya dubi jaridar da ke dunƙule a hannunta.

"Wannan fa? Wace ce?"

Ana jin ruwa yana bugun gefen jirage.

"Ɗiyata ce," in ji Malam Mark. "Mary. Ƙawar Dudu ce, tare suke gudu. Labarin ne ya gigita ta."

Ibrahim ya juya wurin tsohon.

"Haka ne, Malam Wakili?"

Dudu ta ɗago ta kafe Babanta da ido. Shi kuma ya kafe komar da ke cinyarsa.

"Haka ne," ya ce.

"To madalla, ƙawa ai ita ce ta san sirri." Ibrahim ya ciro biro daga aljihu, ya buɗe sabon shafi, ya matso har inuwarsa ta rufe ta. "Tashi tsaye, yarinya. Duk abin da kika faɗa zan rubuta, kuma za ki sa hannu. Mu fara daga farko. Faɗa mini cikakken sunanki."